Wai filin da aka ce an share shi tas yana sake ba da tsohon kuɗi? Ku duba min wannan mai hujin

Ɗan Makera:
Slm jama'ar gida, barkanmu da warhaka. Dan Allah waɗanda suka san kan tsofaffin kuɗi ku duba min hoton nan. Jiya da yamma na tono shi a wani fili bayan gidan kakanmu nan Makera, ba nisa da layin dogo, wurin da tsofaffi ke cewa da can 'yar kasuwar yamma ce ta leburorin reluwe. Yana da huji a tsakiya, gefe ɗaya tauraro ne mai tsini shida, ɗaya gefen kuma kamar hular sarauta da wani rubutu irin na ajami a ƙasa, shekarar dai ta ƙi karantuwa don ƙasa ta kama wurin. Abin da ya ɗaure min kai filin nan ba yau aka fara bin sa da na'urar gano ƙarfe a ƙasa ba, wanda ya sayar min da tawa ma ya ce shi da abokansa sun share shi tas tun kafin su wuce neman zinare, har rantsuwa ya yi min wai ko ƙusa ba su bari ba. To ta ina wannan ya fito? Kuma nawa zai yi in an ce sayarwa?

Na Panteka:
Tambayar ƙarshen ita ce ainihin tambayar hhh. Kawo shi shago na ɗora maka a sikeli.

Baban Khalifa:
W/slm ƙanina. Kafin komai, kar ka kuskura ka goge shi da wani abu tukuna, ajiye shi yadda yake. Ɗauko rular 'yan makaranta ka auna faɗinsa. In ya kai wajen milimita 30 ko 31 kwabo ne, in wajen 25 ne dari ne, in ɗan mitsitsi ne wajen 20 to anini ne. Ukun nan zanensu kusan ɗaya, tauraro da huji da rubutun larabci, girma ne yake raba su in rubutun ya ɓace.

Ɗan Makera:
Yaya na auna, ya ɗan haura santimita 3 kaɗan.

Kawu na Tudun Wada:
Allah sarki. Kwabo ne ɗana, ba sai an kai shi ko'ina ba. Mu mun kashe irinsa muna yara, da shi ake ba mu kuɗin tara in za mu makaranta, ka sha koko da ƙosai har ka rage. Hujin nan amfaninsa a zura zare ko tsirkiya a ɗaure a ƙugu tunda ba kowace riga ke da aljihu ba a lokacin, kakata a bakin zanenta take ƙulle nata. Anini goma kwabo, dari biyu kwabo, kwabo uku taro, shida sisi, sha biyu sule, sule ashirin fam. Wannan lissafin da bulala muka haddace shi.

Maman Ilham:
Kawu ina wuni. Wlh ka tuna min da Inna, ita har ta rasu in ta ce maka fam to naira biyu take nufi.

Injiniya Barnawa:
Ni batun filin ne ya fi jan hankalina. Gaskiya ba wani abin mamaki a ciki, na'urar waɗancan ce ba ta da kyau kawai. Ka ba ni na'ura mai kyau irin Equinox ko Deus na shiga filin nan na wuni ɗaya, duk wanda ya biyo bayana sai dai ya tsinci marfin lemo. Mutane suna sayen 'yar na'urar banza ta kasuwa su zo suna cewa wai ƙasa tana haihuwar kuɗi.

Baban Khalifa:
Injiniya ban yarda da kai ba a nan, ka yi haƙuri. Inji mai kyau yana taimakawa, ba musu, musamman masu aiki da zango da yawa lokaci guda a irin jar ƙasarmu. Amma bari na faɗa maka abin da yake sa a bar kuɗi a fili ko da inji mai tsada ne a hannunka.

Babban abin shi ne ƙarfe mai tsatsa. Duk wurin da mutane suka zauna suka yi kasuwa, ballantana kusa da layin dogo, ƙasar cike take da ƙusoshi da guntayen kwano da waya da kan fartanya. Na'ura in ta wuce kan ƙusa tana buƙatar ɗan lokaci kaɗan kafin ta dawo hayyacinta, to in kwabo na kwance gefen ƙusar nan kuma kai kana wurga faifan na'urar, wato kanta da ake bi da shi saman ƙasa, da sauri don ka gama fili kafin magariba, ƙusar ce kawai za ta yi magana, kwabon ya yi shiru, ko kuma ƙarar biyun ta haɗu ta fito a dagule ka ce shara ce ka wuce. Mutum goma za su iya wucewa ta kansa haka. Ranar da wani ya zo ta wata fuskar daban, misali su sun bi daga gabas zuwa yamma shi ya bi daga kudu zuwa arewa, sai faifan ya fara taɓa kwabon kafin ƙusar, sai ka ji 'yar ƙara mai daɗi siririya ta leƙo. Shi ya sa ni in na gama fili sai na sake bin sa a gicciye.

Sannan kwabon nan da ƙaninmu ya samu ba jan ƙarfe zalla ba ne, haɗin jan ƙarfe ne da nikel, shi ya sa asalinsa fari ne. Irin wannan haɗin lambarsa a fuskar na'ura ƙasa-ƙasa take fitowa, kusa da inda takardar sigari mai ƙyalli da kunnen gwangwanin lemo suke fitowa. Azurfa ce take ba da lamba ta sama da ƙara mai tsini. To mutumin da ya gaji da tono shara me zai yi? Sai ya murɗa tacewar na'urar sama don ta daina yi masa kuka a kan tarkace, shi ke nan ya toshe kunnensa daga kwabo da dari da anini gaba ɗaya bai sani ba. Na tabbata abin da mutanen nan suka yi ke nan, sun kwashe masu ihu sun bar masu raɗa.

Injiniya Barnawa:
To ai abin da nake faɗa ke nan, inji mai saurin farfaɗowa ba ya wannan matsalar.

Baban Khalifa:
Yana rage ta, ba ya kashe ta. In ƙusar tana sama kwabon yana ƙarƙashinta kai tsaye, ko injin miliyan nawa ne sai ka cire ƙusar tukuna. Kuma faifan nan naka mai faɗi da kake alfahari da shi, a fili mai datti shi ne abokin gabarka don abu uku huɗu yake gani a ƙarƙashinsa lokaci guda. Ƙaramin faifai ba ya zurfi sosai amma yana shiga tsakanin tarkace ya ware su ɗaya-ɗaya. Ga kuma kuɗin da ya faɗa ƙasa a tsaye da gefensa, wannan ta fuska ɗaya kawai yake amsawa.

Ɗan Makera:
Wlh yaya kamar kana wurin. A ramin da na ciro shi akwai wata tanƙwararriyar ƙusa, ita na fara cirowa, har zan rufe ramin na sake ɗora faifan sai na ji wata ƙarar.

Abu Rigachikun:
Ku ƙara da damina. Ni manomi ne ba mai na'ura ba, amma duk shekara in aka yi huɗa ƙasar da ke ƙasa ce take dawowa sama, mun sha tsintar abubuwa da ido ma bayan ruwan farko ya wanke kunya. Filin da ka bi bara ba shi ne na bana ba. Haka inda zaizaya ta ci ko inda gireda ta kankare hanya.

Baban Khalifa:
Sak. Kuma ƙasa mai danshi ta fi ba da amsa da zurfi, da rani lokacin hunturu ƙasar Kaduna ko diga sai ta yi da gaske. Abu ɗaya dai, jar ƙasar nan da marmara akwai sinadarin ƙarfe a jikinsu, in ba ka daidaita na'urar da ƙasar wurin ba kafin ka fara, haka za ta yi ta surutu ba dalili. Mutane suna ƙure mata ƙarfin ji wai don ta yi zurfi, alhali rage shi kaɗan ya fi. A cikin unguwa kuma wayoyin lantarki suna sa ta hauka, in an ɗauke wuta ka ji ta lafa lakadan.

Na Panteka:
To masu ilimi an gode. Mu dawo kan shekarar. Ɗan Makera matse lemon tsami a kofi ka jefa shi ya kwana, da safe ka dirje da toka ko soson ƙarfe, wlh sai ka ga fuskarka a jiki.

Ɗalibar Samaru:
Innalillahi, Oga Na Panteka dan Allah a'a! Wannan ai hanyar wanke tukunya ce. Tsami yana cin fatar ƙarfen ne, kuma kuɗin da ya daɗe a ƙasa sau da yawa rubutun nasa a jikin wannan baƙar fatar yake zaune, ka cinye ta ka cinye shekarar da muke nema. Zai yi haske kam amma ya koma duk ƙananan ramuka, masu tara tsofaffin kuɗi kuma ba sa son wanda aka kankare ko kaɗan. Ruwan batir da samfefa da man goge ƙarfe duk a nisance su. Yaya Ɗan Makera, jiƙa shi a ruwa mai tsabta da ɗan sabulu kaɗan, ka sa tsohon buroshin haƙori mai laushi, inda ƙasa ta maƙale ka bi da tsinken sakace a hankali. Ka shanya shi ya bushe sosai. Sai ka shiga ɗaki ka kashe fitila ka haska tocilan waya ta gefe, ba ta sama ba, inuwar haruffan za ta fito. In ya ƙi ka ɗora farar takarda a kai ka goga fensir.

Na Panteka:
Hajiya 'yar boko na ji, na janye lemona.

Ɗalibar Samaru:
Kuma ko shekarar ba ta fito ba sunan sarkin zai rage mana aiki. In ka ga EDWARD VII to tsakanin 1907 da 1910 ne, a 1907 aka fara buga masu hujin nan, na farko-farkon ma an rubuta NIGERIA tare da BRITISH WEST AFRICA, daga 1912 aka cire Nigeria ɗin tunda kuɗin na ƙasashe huɗu ne, mu da Gana da Saliyo da Gambiya. In GEORGIVS V ne ya kama har 1936. In GEORGIVS VI ne daga 1937 zuwa 1952. Wanda ya fito ja-ja ko ruwan ƙasa maimakon fari to na tagulla ne, daga 1952 aka koma wannan. In kuma ka ga FEDERATION OF NIGERIA wannan namu ne na 1959, shekarar da Babban Bankin Najeriya ya fara aiki.

Ɗan Makera:
Jama'a na yi yadda ƙanwata ta ce, dabarar tocilan nan ta yi aiki wlh. Ga sabon hoto. Ina ganin EDWARDVS sai V da sanduna uku, a ɗaya gefen kuma ƙarƙashin tauraron 1936.

Sadauki Kawo:
Kai kai kai! Edward na takwas?? Malam ka warke! Wannan sarkin ko shekara bai yi a kan gado ba, na taɓa jin kuɗinsa miliyoyi ake saye a Ingila. Kar ka nuna wa kowa, ka goge hoton ma.

Ɗan Makera:
Dan Allah da gaske?? Gabana har faɗuwa yake.

Ɗalibar Samaru:
Yaya kwantar da hankalinka, kar a sa ka fara cin bashi hhh. Rabin maganar Sadauki gaskiya ce. Edward VIII ya hau a Janairun 1936 ya sauka a Disambar shekarar saboda ya dage sai ya auri wata bazawara 'yar Amurka. A can Ingila ba a kai ga sakin kuɗi mai hoton kansa ba, 'yan na gwaji ne kawai suka rage, su ne masu tsadar da kake ji. Amma namu na nan tunda huji ne a tsakiya babu wurin hoton kai, suna kawai ake rubutawa, sai aka buga su da wuri aka turo, kwabo da dari da anini, miliyoyi aka buga. Haka aka yi wa Afirka ta Gabas da Fiji da New Guinea. Saboda haka ba shi da wuyar samu, ballantana wanda ya sha ƙasa shekara kusan casa'in. Abin da ke hannunka dai shi ne ɗaya daga cikin 'yan kuɗaɗen da suka taɓa yawo a kasuwa da sunan wannan mutumin, kuma a Makera ya faɗi daga hannun wani. Ni a wurina wannan ya isa a ajiye shi.

Sadauki Kawo:
Hmm. Ni dai ban gamsu ba. Akwai wani a unguwarmu da aka ce wasu sun zo daga waje suna neman kwabo mai huji, wai akwai wani sinadari a ciki.

Na Panteka:
Sadauki bari na yi maka magana a matsayin wanda ya tsufa a harkar ƙarfe. Wannan labarin tun ina yaron shago nake jin sa, yau a ce kwabo mai huji, gobe a ce tsohon dutsen guga na gawayi, jibi tsohon keken ɗinki wai akwai jan makuri a ciki. Kullum wani ne ya ji an ce wani ya samu, ba ka taɓa ganin wanda ya karɓi kuɗin da idonka. Yadda suke yi, ɗaya zai zo ya ce yana saye da tsada, kwana biyu ɗan uwansa ya ɓullo ta wani gefen yana da shi na sayarwa da sauƙi, kai kuma ka ga riba ka saya, daga nan layin mai sayen ya daina shiga. Ko a ce ka biya kuɗin gwaji. Masu hujin nan a cikin buhun tarkace muke samunsu wani lokacin.

Kawu na Tudun Wada:
Allah ya yi maka albarka Na Panteka. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Injiniya Barnawa:
Ɗalibar Samaru to wanne ne ya cancanci mutum ya yi murna in ya tono? Don in duk wahalar nan a kan abin da ba zai sayi batir ɗin na'urar ba ne gara na koma kallon ƙwallo.

Ɗalibar Samaru:
In ƙarfen kake ji, na azurfa. Hukumar kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912 ta fito da taro da sisi da sule da fataka (sule biyu) na azurfa daga 1913, sule da fataka akwai bishiyar kwakwar manja a baya, gaba kuma kan sarki George V da hular sarauta. Azurfa ta yi tsada bayan yaƙin duniya na ɗaya sai aka bar ta a 1920 aka koma wani haɗi mai ruwan ɗorawa. To in ka ga sule mai shekara 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kuma za ka gane ta tun a rami don ba ta yin kore, sai dai ta yi toka-toka ko baƙi-baƙi. Kafin 1913 ma sulallan Ingila na azurfa sun yi yawo a nan, ana iya cin karo da mai kan Sarauniya Victoria. In kuma tarihi kake ji, aninin 1907 na alminiyam ne, yana cikin kuɗin alminiyam na farko-farko da aka kashe a duniya, amma bai jure yanayinmu ba yana ruɓewa sai aka canza ƙarfen a 1908. Samun sa da sauran kyansa a ƙasa sai mai rabo.

Baban Khalifa:
Kuma na'ura shara za ta kira shi, sai mai tono komai zai same shi. Ni ka'idata a tsohon wuri duk ƙarar da ta maimaita kanta ta fuska biyu sai na tona. Gwiwa ce ke biya.

Ɗan Makera duba kusa da hujin da gilashi ko ka zuƙo da kamarar waya, wani lokacin akwai ɗan ƙaramin harafi. H na masana'antar Heaton ne a Birmingham, KN na King's Norton, in ba komai to na gidan buga kuɗin gwamnati ne a Landan.

Ɗan Makera:
Akwai wani abu kamar H amma ban da tabbas, ƙasa ta ci wurin.

Maman Ilham:
Tunda ana maganar a taimaka min ni ma. Ni ba tonowa na yi ba, a kayan Inna muka samu, wani babban farin kuɗi mai nauyi an maƙala masa kunne ana ratayawa a wuya. Gefe ɗaya wata mata ce mai jiki da lulluɓi, ɗaya gefen tsuntsu mai kai biyu, an rubuta 1780. Yayana ya ce shekararsa ta haura 240 mu kai Abuja. Inna dala take ce masa.

Ɗalibar Samaru:
Anti wannan dalar Maria Theresa ce, sarauniyar Ostiriya. A 1780 ta rasu, kuma tun daga lokacin duk wadda aka buga wannan shekarar ake sa mata, don 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da nan yankinmu ita suka sani suka yarda da ita, in aka canza ko ɗigo ba za su karɓa ba. An yi ta buga ta a Viyana da Landan da Rum da Faris da Bombay, har yanzu ma ana bugawa a Viyana. To 1780 ɗin ba ta nuna shekarun taki. Ta hanyar fataken Sahara ta shigo Borno da ƙasar Hausa tun ana ciniki da wuri. Ta gaske nauyinta wajen giram 28 ne, azurfarta kashi 83 cikin ɗari, kunnen da aka maƙala zai ɗan ƙara nauyi. Ki kai wa masu sayar da gwal su ɗora a sikelinsu, ki kuma kara mata mayen ƙarfe, in ya kama to ba ita ba ce.

Maman Ilham:
Na gode ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Ba sayarwa zan yi ba dama, Ilham zan ajiye wa.

Kawu na Tudun Wada:
Irin ta a nan cikin Kaduna da wuya ku tono, sai dai a kayan gado kamar haka. Ku tuna garin nan yaro ne. Bature ne ya kafa shi, a 1917 aka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru, gadar nan ta Lugga da ke Gamji ma daga can aka kwaso ta a 1954. To abin da ke ƙasan Kaduna kuɗin soja ne da na ma'aikatan reluwe da na leburori, daga baya na ma'aikatan masaƙa a Kakuri tun da aka buɗe ta farko a 1957. Mai son abin da ya girmi haka sai Zariya, can ma kafin Bature wuri ne kuɗin talaka, na'urarku kuwa ba ta jin wuri.

Sadauki Kawo:
To mu haɗa mota mu tafi Zariya mana, gindin ganuwa ko Kufena ko Turunku, can ne za a samu tukunyar kuɗi.

Ɗalibar Samaru:
Yaya Sadauki nan kam zan tsaya maka a gaba. Waɗannan wuraren tarihi ne, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tono don neman kayan tarihi ba tare da izininta ba, haka fitar da su waje. Kuma ba dokar ce kaɗai ba, in ka fizge abu daga inda yake kwance ka lalata bayanin da ke tare da shi, zurfinsa da abin da ke gefensa su ne suke faɗa wa masu bincike zamaninsa. Ku dubi ɓarnar da masu tonon sata suka yi wa wuraren Nok a kudancin jihar nan. Kwabon da ya faɗi a bayan gidan kakanka daban, tsohuwar ganuwa daban. Wanda ya ci karo da abin da ya fi ƙarfin saninsa ga gidan tarihi nan a titin Ali Akilu, ga Arewa House a titin Rabah, a je a nuna.

Abu Rigachikun:
Banda haka ma tukunyar da aka binne ai ba a rasa masu gadinta, ni ba ruwana da abin da zai sa a kwana ana min ruƙiyya.

Sadauki Kawo:
Hhh Abu kai dai faɗi kana tsoro.

Admin:
Jama'a muhawara ta yi daɗi amma bari na sa baki a kan tsaro don mun san garin da muke. Mutum ya ratayo inji mai faifai da abin kunne yana zagaye fili, wani zai ce mai binne wani abu ne, wani ya ce ɗan leƙen asirin masu haƙar zinare ne, kafin ka yi bayani an taru. Ku fara gaida mai unguwa da mai filin, ku nuna musu abin da injin yake yi, in da hali ku tafi da ɗan unguwar. Maƙabarta ko tsohuwa ce a bar ta. Harabar reluwe da duk abin da ya shafi bariki ba wurin zuwa ba ne. Kaduna garin soja ne tun asali, wanda ya tono harsashi ko wani ƙarfe mai siffar da bai gane ba kar ya ƙwanƙwasa kar ya kai kasuwar tsofaffin ƙarafa ta Panteka, ya bar shi a wurin ya sanar da hukuma. Daji kuma a wannan yanayin ba sai na faɗa ba.

Na Panteka:
Admin na gode da ka ce kar a kawo min, ina da iyali.

Baban Khalifa:
A ƙara da rufe rami. Wanda ya bar ramuka a filin ƙwallon yara ko gonar mutane shi yake jawo a hana mu duka gobe.

Injiniya Barnawa:
Baban Khalifa har yanzu ina kan bakana fa. Mu gwada a gani. Ɗan Makera ya nemo mana izini, a auna wani yanki da igiya, ni na fara bi da nawa injin da babban faifai, in na ce na gama kai ka biyo da ƙaramin naka. In ka ciro kuɗi ko anini ne a bayana tsiren yamma a wuyana.

Baban Khalifa:
Na karɓa. Sharaɗi ɗaya, duk ƙusar da ka tono ka zuba a bokiti kar ka mayar, kuma a bari sai an yi ruwa da kwana ɗaya.

Injiniya Barnawa:
A'a malam, in na kwashe maka ƙusoshin ai na yi maka rabin aikin!

Baban Khalifa:
To ka ga ka dawo kan maganata da bakinka hhh.

Abu Rigachikun:
Tun kuna nan, yarona ya kawo min wani daga cikin gwangwanin da muke tara tsince-tsincen gona. Ba shi da huji, ruwan ɗorawa ne, gefensa ba zagaye ba ne yana da kusurwa-kusurwa, kan mace a gaba, baya kamar wani tsiro.

Kawu na Tudun Wada:
Ƙirga kusurwoyin za ka samu sha biyu. Taro ne na 1959, tsiron auduga ce, matar kuma Sarauniya Elizabeth, wadda aka yi wa hawan daba a nan Kaduna a 1956. Sisinsa koko ne a jiki, fatakar kuma gyaɗa. Da su muka yi ta ciniki har ranar 1 ga Janairun 1973 da naira ta shigo.

Abu Rigachikun:
Sha biyu ne cif Kawu. Akwai wasu kusan cikin tafin hannu a gwangwanin, gobe in Allah ya kai mu zan wanke su da ruwa na ɗauko hoto ɗaya-ɗaya.

Ɗalibar Samaru:
Ka ɗauki gaba da baya, ka ajiye rula a gefe, kuma a hasken rana ba filashi ba.

Ɗan Makera:
Na yi magana da baffana kan filin, ya ce ba matsala amma sai bayan la'asar ranar Asabar don da safe yara na ƙwallo a wurin, kuma ya ce Injiniya ya taho da kuɗin tsiren a aljihu.